Taƙi Ɗaya a Igiyar Babana

A yi shiru! Na tsaye su nemi kututture su zauna, masu tauna buwai, goron tsibirinmu, su juya gefe su tofar, masu waya su kashe. Ga shi nan tafe, ba takalmi. Babban Kwamandan kwalekwale guda mai yoyo! Ministan Ciyar da Alade Ɗaya Tilo! Mijin mai dutsen zinariya, surukin mai dutsen zinariya, uban mai dutsen zinariya, wanda shi kansa ko tsakuwar jifan kare bai mallaka a dutsen ba! Jama'a, Alois Tomarum ke nan, na ƙauyen Pakolo a tsibirin Nusalam. Babana.

Ni kuwa Benno ne, autansa. Na yi makaranta har zuwa inda lissafi ya fara cakuɗa lambobi da haruffa, na ce wannan rigimar ba da ni ba. Na yi gadi a ƙofar kamfani, na yi yaron jirgin ruwa, na sayar da katin waya, na fara koyon gyaran inji, mai garejin ya roƙe ni in daina. Ban damu ba, don ni mai ƙasa ne. Haka kamfani ke kiranmu. Duk bayan 'yan watanni sai waya ta yi ƙara a aljihuna, kuɗin zinariya sun shigo, ban ɗaga ko cokali ba.

Wayar Baba ba ta ƙara. Ba shi ma da waya.

A tsibirinmu ɗa na dangin uwarsa ne, ƙasa ma ta wurin uwa take bi, kowa ya san wannan. Inna Balbina 'yar dangin Shaho ce, masu dutse, saboda haka ni ma Shaho ne. Baba ɗan Kunkuru ne, mutanen bakin teku. Rufi ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci, amma in aka kaɗa gangar biki, ni in nufi wannan rumfa, shi ya nufi waccan.

Sa'ad da ya auri Inna, cewa aka yi ya yi taimako. A lokacin dutsen Shaho ba ya fid da komai sai tururi da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Doya ba ta yi, gwaza ba ta yi. 'Yan Kunkuru kuwa suna da murjanin gaban ƙauye, wato duwatsun cikin teku da kifi ke taruwa, inda in ruwa ya ja baya mace za ta shiga da kwando ta fito tana nishi. Baba gwanin nutso ne tun yana saurayi. Yakan aika wa surukansa kifi can kan dutse, su kuma su aiko masa da ƙwan kazar daji, wadda ke binne ƙwanta a ƙasa mai zafi. Kifi ya hau, ƙwai ya sauko, ba wanda ya fi wani. Kawu Kaspar, ƙanin Inna, da kifin Baba ya yi ƙashi. Shi da bakinsa yakan faɗa, a da, kafin tumbi ya zo.

Baba ba mai magana ba ne. Yana da giɓi a gaba, ta nan yake fito, kuma da fiton nan yake kiran mu, yake kiran kare, yake nuna bai yarda ba. Shi ke buga ƙararrawar coci, wato tsohuwar tukunyar gas da aka rataye a bishiyar mangwaro, kuma bai taɓa bari wani ya buga ba ko yana zazzaɓi. Taurin kai gare shi irin wanda ba a yi masa addu'a, sai dai a kauce.

Sai kamfani ya zo. Suka haƙa, suka ɗanɗana, suka shata layi a taswira kewaye da ramin. Wanda ƙasarsa ta faɗa cikin layi, mai ƙasa ne, yana da kaso. Wanda ke waje, maƙwabci ne, yana da gaisuwa. Abin da suka manta ba su nuna wa layin ba shi ne ruwan sama. Shi dai ya sauka a kan dutse, ya kwashi jan laka, ya bi rafi, ya juye a kan murjanin 'yan Kunkuru. Ina yaro na ga ruwan gaban gidanmu ya koma kalar shayi mai madara. Kifi ya yi ƙaura. Wanda ya rage, in an dafa, kare sai ya shinshina ya dube ka.

Baba da dattawan Kunkuru suka je wurin Kawu Kaspar, wanda a lokacin ya zama shugaban ƙungiyar masu ƙasa, da ofis mai na'urar sanyi. Na bi su don in sha sanyin. Surukai ba sa kiran sunan juna, saboda haka hirar duka da "suruki" aka yi ta.

Baba ya ce, "Suruki, ruwanku ya sauko mana."

Kawu ya ce, "Ai ba namu ba ne, suruki, na kamfani ne."

"To kuɗin fa, na wa?"

Kawu ya yi dariya har kujerarsa ta juya da shi. Ya sa aka kawo lemon gwangwani mai sanyi. Ya dafa ƙirji ya ce, "Suruki, ka san ni. Mu ba ma ci mu kaɗai. Za ku gani da idonku."

In faɗi gaskiya, Kawu ba mugu ba ne. Da ya faɗi haka, har zuciyarsa yake nufi. Matsalar ke nan.

Ba a jima ba kakata ta wajen uba, Perpetua, ta rasu, aka sa ranar bikinta na ƙarshe. A irin wannan biki surukai alade suke kawowa. Kafin a yanka, a zagaya ƙirjinsa da igiyar ɓawon kwakwa daga bayan ƙafafun gaba, a yanke igiya biyu tsawo ɗaya, mai bayarwa ya riƙe ɗaya, mai karɓa ya rataye ɗaya a zauren maza. Ran da mai bayarwa ya tashi nasa bikin, ka kai masa aladen da zai cika igiyar. Alade ɗaya, ba biyu a haɗa ba. Shi ya sa mai hankali yakan leƙa garken surukinsa tukuna kafin ya zaɓi abin da zai kai masa.

Kawu bai leƙa garken kowa ba. Ya aika garin Kokopo, wata gonar kiwo a can, aka loda masa wani farin alade a jirgin dako. Mu namu baƙaƙe ne, masu dogon baki, masu ƙugu kamar na kare. Wannan kuwa kamar an hura firji an sa masa ƙafafu. Ba sandar da za ta ɗauke shi, sai a-kori-kura aka sa, tana tafe tana kuka. Yara suka bi ta da ihu, ni ne a gaba. Mata suka yi guɗa. Kawu ya sauko da baƙin tabarau, ya buɗe hannuwa, ya ce, "Suruki! Ga rabonku na dutse!"

Dattijon da ya zo awo, hannuwansa ba su haɗu a bayan aladen ba, sai da aka kama masa. Da aka miƙa wa Baba igiyar, ya tsaya yana naɗe ta a gwiwar hannu, yana naɗewa, ta ƙi ƙarewa. Ni ina ta tsalle ina cewa, "Baba, ka ga namu? Ka ga na Shaho?" Bai ko yi fito ba. Ya shige zauren maza ya rataye ta.

An ci nama ranar har an bar wa karnuka. Daga nan kuma, duk sa'ad da wani ɗan Kunkuru ya ta da maganar laka da kaso, amsa ɗaya ce a bakin 'yan Shaho: "Haba! Ba mu kai muku alade ba?" An cinye aladen a yini guda, amma bakinsa bai rufu ba. Ya yi ta amsa wa Kawu tambayoyi shekara da shekaru.

Baba ya samo ɗan alade baƙi wurin ƙanwarsa. Ni na raɗa masa suna Manaja, don ba ya komai sai ci da barci, kuma in ka je wurinsa da magana sai ya juya maka baya. Tun daga ranar rayuwar Baba ta koma garke. Da safe ya buga ƙararrawa, ya fasa kwakwa, ya kankare, ya dafa rogo da ganyen dankali. Ya tuƙa kwalekwale can nesa, bayan inda ruwa ya koma shuɗi, ya dawo da 'yan kifaye, mu a ba mu tsoka, Manaja ya samu kai da hanji da romo. Rufin ɗakinmu ya yi ta yoyo damina bayan damina, amma na Manaja sabon ganye ne kullum. Inna takan ce, "Alois, aladen nan ya fi ni sanin kana da haƙora."

Duk ƙarshen wata sai ya ɗauko igiyar daga zauren maza, ya zagaya wa Manaja, ya dubi abin da ya rage yana lilo, ya mayar. Da fari abin da ya rage ya fi abin da ya zagaya. A hankali ya dinga raguwa.

Ni kuma ina girma, waya ta fara ƙara a aljihuna. Na sayi takalmi mai fitila a dunduniya. Na sayi injin jirgin ruwa kafin in sayi jirgin. In mun dawo daga gari da abokaina a bayan mota, muna kiɗa, sai mu wuce Baba a hanya, buhun ɓawon rogo a kansa, wanda ya bi gida gida ya tara. Abokaina su ce, "Benno, ga Ministanku can!" Ni ne nake fi kowa dariya, ina kuma sunkuyar da kai kamar ina gyara takalmi. Kunyarsa nake ji a lokacin. Yanzu in na tuna, fuskata zafi take yi, amma ba don buhun ba.

Wata rana na same shi a garke na ce, "Baba, ka huta haka nan. Kuɗina sun shigo. In aika Kokopo a kawo maka irin wancan, har da ƙari."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ƙasa. Da kuɗin wa?"

"Nawa mana."

"Naka na wa ne?"

"Na Shaho."

"Wato in karɓi kuɗin Shaho, in sayi alade, in kai wa Shaho. Kawunka ya ba ni da dama ya karɓa da hagu, ni kuma in tsaya a tsakiya ina murmushi kamar gunki. Akwai wanda bai san abin da ke aljihuna ba a tsibirin nan?"

"To ko abincin kiwo na buhu? Ba wanda zai sani."

"Manaja zai sani."

Na ce, "Baba, alade ne fa."

Ya yi fito ta giɓinsa, ya ci gaba da kankarar kwakwa. Ko rogon gonar Inna ba ya yarda a ba Manaja, tunda gonar a ƙasar Shaho take. Sun yi faɗa a kan wannan har maƙwabta suka fito. Inna ta ce, "Ƙasar tasu ce, bayan da ya sunkuya ya shuka fa, na wa?" Daga ƙarshe aka daidaita: ɓawon rogonta ya halatta, rogon kansa a'a. Kada ku tambaye ni hikimar.

Sai kakata ta wajen uwa, Skolastika, ta rasu. Aka yi jana'iza, aka yi makoki, Kawu ya sa ranar bikinta na ƙarshe. Wannan ne bikin da Baba zai mayar da alade.

Manaja ya tsufa a lokacin. Ya zama alade mafi girma da aka taɓa kiwatawa a Pakolo, mutane daga wasu ƙauyuka suna zuwa kallonsa. Amma baƙin alade ne na tsibiri, ya kai iyakar da Allah ya yi wa irinsa. Baba ya zagaya masa igiya. Taƙi ɗaya ya rage. Aka ƙara kwakwa, aka ƙara kifi. Aka sake awo. Taƙi ɗaya. Manaja ya dubi kwano ya juya baya, ya yi ritaya.

Ragi a igiya abin kunya ne, amma kunya ce da aka san hanyarta. Za a ɗaga ragin sama kowa ya gani, mata su yi maka waƙar zambo, ka haɗiye. Sa'an nan a ƙara ragin a kan igiyar gaba, ka koma garke. Kana nan cikin mutane, ana jiran ka. Baba ya shirya wa wannan. Na ga ya wanke farar rigarsa ta coci ya shanya, kamar mai zuwa kotu.

Abin da ban shirya wa ba shi ne nawa aikin. Ɗan 'yar'uwa shi ne magajin kawu, kuma yayyena duka mata ne. Kawu ya kira ni ya ce, "Benno, ka girma. Bana kai za ka riƙe igiya."

Ranar biki filin Shaho ya cika. Rumfuna na tamfol, janareta, lasifika, shinkafa buhu-buhu kusa da tulin doya. Mu 'yan Shaho duka an ɗinka mana riga mai hoton Kaka a ƙirji, hoton da ta ɓata fuska don ba ta son a ɗauke ta. Duwatsun gasa nama sun yi ja, hayaƙi na tashi. Dangi bayan dangi suna shigowa da aladunsu, ina awo, ana tafi.

Sai ga 'yan Kunkuru. Ba mota. Mazansu ne suka ɗauko Manaja a kan sanduna tun daga bakin teku, kafaɗunsu sun saɓule. Baba a gaba, da farar riga. Matansu a baya da kwandunan da za su kwashi rabonsu na nama. Suka sauke Manaja a tsakiyar fili, ya dube ni da ɗan idonsa, ni da na raɗa masa suna.

Na durƙusa da igiyar Shaho. Na zagaya. Na ja har Manaja ya yi gurnani, sai na tuna ja ba ya taimako, ragin ƙaruwa yake yi. Na sassauta. Har yanzu taƙi ɗaya. Sai dabara ta zo mini, irin tawa. Na dunƙule ragin a cikin tafin hannuna, na haɗa bakin igiya da yatsuna, na ɗaga kai na ce da ƙarfi, "Ya cika!"

Wasu suka fara tafi.

Baba ya ce, "Mai ƙasa, buɗe hannunka."

Na ce a hankali, "Baba, don Allah."

"Buɗe. Ba a makaranta kake ba, nan ana duba amsa."

Na buɗe. Igiyar ta zube tana lilo. Fili ya ɗauki dariya, wata tsohuwa daga rumfarmu ta ce, "Ɗan Balbina ko satar ma bai gama ajinta ba!" Na ɗaga ragin sama yadda aka saba. Matan Shaho suka gyara murya za su fara zambo. Baba ya miƙe ƙirji, ya haɗa hannuwa a baya, yana jira. Da an bar su sun yi waƙar nan, da an tashi lafiya.

Amma Kawu ya dubi surukinsa, mutumin da ya ciyar da shi kifi, tsaye cikin rana da tsohuwar riga, tausayi ya kama shi. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya fizge lasifika ya ce, "Tsaya! Ba waƙa! Jama'a, ku shaida. Mu dangin Shaho Allah ya buɗa mana. Mene ne taƙi ɗaya? Suruki, mun yafe! Wannan da duk wata igiya da ke tsakaninmu da Kunkuru, mun yafe. Kada ku ƙara wahalar da kanku a kanmu!"

Ya sauke lasifika yana jiran tafi.

Ba abin da ake ji sai janareta.

Mutum biyu ake yafe wa igiya a Nusalam: wanda danginsa suka ƙare ba mai kiwo, da wanda hankalinsa ya taɓu. Kawu ya san haka, a nan aka haife shi. Amma ya daɗe yana zama da mutanen da in sun ce "bar shi kawai" ake yi musu godiya. A gaban tsibiri duka, da lasifika, ya gaya wa 'yan Kunkuru cewa ba a jiran komai daga gare su kuma.

Matan Kunkuru suka sauke kwandunansu ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, suka kife.

Baba ya tako wurina. Ya zaro wuƙar kankarar kwakwa daga ƙugunsa, ya kama igiyar da ke hannuna, ya yanke ragin daidai inda yatsana yake. Ya ɗaura shi a wuyan hannunsa, ya ja ƙullin da haƙori. Bai karɓi lasifika ba, amma ba wanda bai ji shi ba.

"Suruki, na gode. Ba a yafe mini. Ina da hannu, ina da garke. Wannan zan kawo." Ya nuna wajen teku da haɓa. "Mu ma akwai abin da ba mu yafe ba. Igiyar da za ta zagaye shi ce ba mu samu ba tukuna."

Ya juya. 'Yan Kunkuru suka bi shi, ba wanda ya waiwaya, ba wanda ya ɗauki ko ƙashi.

Mai biki ba ya cin naman bikinsa. Saboda haka rabon Kunkuru, tuli guda a kan ganyen ayaba, ya zauna a tsakiyar fili, ƙuda na taruwa. Sauran baƙi suka karɓi nasu da sauri, ido a ƙasa, suka zame. Mu muka rage, masu ƙasa, cikin rigunanmu iri ɗaya, fuskar Kaka a ɓace a ƙirjin kowa, kamar ta san abin da za a yi da sunanta. Ban taɓa jin riga ta yi mini nauyi haka ba. Na rasa inda zan sa idona, na rasa inda zan sa hannun da ya ɓoye igiya. Takalmina kuma, duk motsin da na yi, sai dunduniya ta kawo wuta.

Kawu ya ce, kamar yaro, "Me na yi? Taimakonsa fa na yi."

Inna ce ta amsa. Tana bakin ramin gashi. Ta miƙe, ta goge hannu a zani, ta zo gabansa.

"Kaspar, ka tuna wa ya goya ka?"

"Yaya, ba yanzu ba."

"Yanzu. Dutsen nan daga uwarmu ya zo wurina, daga wurina zai je wurin 'ya'yana mata. Kai bakinmu ne kawai, mu muka aike ka. Mutane sun zo maka da maganar ruwansu, ka toshe musu baki da alade. Mijina ya tsufa a garke saboda kyautarka. Yau kuma ka ce masa mahaukaci."

"Ban ce ba!"

"Da lasifika ka ce."

Ta tuɓe rigar mai hoto, ta ninke, ta ajiye a kan kujerarsa. Ta ɗauki ɗaya daga kwandunan da aka kife, ba komai a ciki, ta bi hanyar teku.

Bayan bikin matan Shaho suka zauna, ba namiji ko ɗaya sai mai kawo ruwa, wato ni. Suka yi ta yi. Wasu suka ce layi layi ne, ba su suka ja ba. Wasu suka ce ai da kifin mutanen nan aka yaye su. A ƙarshe suka tsayar cewa a cire wani abu daga kason Shaho a dinga ba mutanen bakin teku, ba kyauta ba, haƙƙin ruwansu, kuma a je tare a tsaya wa kamfani a kan laka. Suka aiki Kawu da saƙon. Ya tafi, tabarau a aljihu. Kamfani ya ce sai gwamnati ta duba, gwamnati ta ce sai kamfani ya rubuto. Har yau ana dubawa. Amma matan ba su jira ba, sun fara cirewa daga nasu, kuma dattawan Kunkuru sun karɓa, tunda an kira abin da sunansa.

Da na ji kasona zai ragu, kun san abin da ya fara zuwa mini? Injina, da har yanzu ba shi da jirgi. Ba murjani ba, ba Baba ba. Inji. Ina tsaye da bokitin ruwa a hannu, na ji kamar kowace mace a wurin ta ji tunanin.

Na yi kwanaki ina kewaye garke, ban iya shiga ba. Ran da na shiga, da hantsi ne. Baba na tsugune, igiyar nan a wuyan hannunsa ta fara baƙi, gabansa wani ɗan alade kamar ɓera, yana tsotsar ruwan kwakwa a ɓawo. Na san bikin Shaho na gaba sai wani babba ya mutu, kuma babban da ya rage Kawu ne, ko Inna. Ban tambayi wanda ake kiwon don shi ba.

Na cire takalmi na riƙe a hannu. Na gyara murya. Na ce, "Baba, na yi tunani. Ni daga yau na canza. Zan sayar da inji. Zan koma makaranta in karanta shari'a, in ja sabon layi da zai haɗa har teku. Zan sa a san sunanka daga nan har Mosbi, babban birni. Jama'a su ji: Alois Tomarum! Mutumin da ya ƙi a yafe masa! Wanda ya tsaya shi kaɗai gaban dutse, dutse ya sunkuya! Kwamandan..."

Bai ɗago ba. Ya yi ɗan fito ta giɓinsa.

"Ka gama? To ɗaga ƙafarka, ka taka masa rogo."